Filin Shawarwari: Ƙanen da Ake Shirin Kora daga Gida

Tambaya: Wata malamar firamare daga Ikara ta rubuto cewa ƙanenta mai shekara 19, wanda muryarsa da tafiyarsa suka yi kama da na mata tun yana ƙarami, ya sha duka a hannun samarin unguwa, kuma baffanninsa sun ƙudura korarsa domin gudun abin kunya. Tana neman hanyar tsaya masa ba tare da ta saɓa wa addini ko ta yanke zumunci ba.

Amsa: Wannan hali ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin 'yan daudu, wato maza masu ɗabi'un mata, sun daɗe suna sayar da abinci a kasuwanni da tashoshin mota, har masani Rudolf Gaudio ya wallafa littafi a kan rayuwarsu a Kano a 2009. Malaman fiƙihu ma ba su yi wa lamarin kuɗin goro ba: Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta mukhannasin (namiji mai kama da mata) da aka halitta da wannan ɗabi'a, wanda ba shi da laifi a kanta, da mai ƙirƙirarta da gangan. Yaron da aka san shi haka tun yana ƙarami ya fi kusa da kashi na farko, kuma salon magana ba hujja ba ce ta aikata alfasha, balle ta halatta duka.

Kora ita ce mafi munin shawara, domin saurayin da aka rufe wa ƙofa yakan ƙare a Tashar Yari ko Sabon Garin Kano ba tare da majiɓinci ba, inda yunwa ke jefa shi cikin abin da dangi suke tsoro tun farko. Ya kamata malama ta fara zama da ƙanen nata ta saurare shi, ta riƙe sirrinsa, sannan ta nemi malami mai natsuwa ya karanta wa baffannin bayanin Nawawi, tunda dattawa sun fi karɓar magana daga bakin malami. Batun duka kuwa a kai shi gaban mai unguwa, domin sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta wulaƙanta kowane ɗan ƙasa.

Idan yaron yana da hannu a girki, a haɗa masa jari ya kama sana'a a gaban idon 'yan uwansa. Malama ta daure, kada ta bari ya kwana a waje ko da dare ɗaya.