Yadda Ake Kallon Jini Yana Tafiya a Wutsiyar Talibambam

Idan damina ta kankama a Mamudo, kududdufai kan cika da talibambam, 'ya'yan kwaɗi da wutsiyarsu ba ta ɓace ba tukuna. Malamin kimiyya da ke da madubin likita ko guda ɗaya ne bai kamata ya bar watan Agusta ya wuce ɗalibansa ba su ga jini yana gudu da idonsu ba.

A kamo ƙarami, don gefen wutsiyarsa ya fi sirantaka, haske na ratsa shi. A naɗe jikinsa da auduga jiƙaƙƙiya, a bar wutsiyar a waje, a kwantar da shi a kan gilashi. A fara da ƙaramin idon madubin, a rage haske. In aka sami gefen wutsiyar, sai a koma ido mai ninka abu sau 100.

Nan kuma sai haƙuri. Da farko hazo kawai za a gani, can sai motsi ya bayyana. A manyan hanyoyi jini na sheƙa gudu, ba a tantance komai. A bi reshe ɗaya har inda ya tsuke. A nan ne jajayen ƙwayoyi ke shiga ɗaya bayan ɗaya, kamar shanun kasuwar Potiskum ana hawar da su mota. Wata ta tsaya cik a mararraba, ta lanƙwashe, ta wuce. A wannan matsatsin ne iskar numfashi ke ratsa bango ta shiga tsoka. Daga nan hanyoyin su haɗe, jini ya nufi zuciya.

Abin da masanin kimiyya Malpighi ya fara gani ke nan a huhun kwaɗo a 1661, wani masanin kuma, Leeuwenhoek, ya gan shi a irin wannan wutsiya a 1688.

Lanƙwasawar nan nake so ɗalibi ya riƙe. Ƙwayar jinin mutum mai cutar sikila kuwa takan ƙage ta zama kamar lauje, ta toshe hanya, shi ya sa ƙashi ke ciwo har yaro ya kasa barci. Wanda ya ga matsatsin ba zai raina gwajin jini kafin aure ba.

Kada kallon ya wuce minti biyar. A riƙa ɗiga wa talibambam ɗin ruwa, in an gama a mayar da shi kududdufinsa da ransa.