Ganyen Lemona Yana Ƙonewa, Ko Taki Zan Ƙara?

Tambaya: Ina da lemon zaƙi mai aure a lambu, da ruwan rijiyar burtsatse nake ban ruwa, ruwan kuwa yana da ɗan zartsi. Yanzu bakin ganye yana ƙonewa, ganyen na zuba. Ko taki zan ƙara? Daga wani mai lambu a Gashuwa.

Amsa: Malam, dakata da takin tukuna. Alamomin da ka faɗa sun fi kama da na gishiri, lemo kuwa yana cikin bishiyoyin da ba su jure shi. Duk ban ruwa, rana takan shanye ruwan ta bar gishirin a ƙasa. Saiwa ta ja sodiyam da kuloraid, su taru a ganye har bakinsa ya ƙone. Sodiyam kuma yana tare wa fotasiyam da kalsiyam hanya, kuloraid ya rage shigar naitirojin. Shi ya sa bishiya take kama da mai yunwa alhali abinci na gabanta.

Abin da na fi so ka bincika shi ne gindin da aka yi auren a kansa, domin shi ne mai tsaron ƙofa. Gindin Kiliyofatira da na Ranfur suna hana yawancin kuloraid hawa sama. Karizo da lemo mai ganye uku suna barinsa ya wuce. Reshe iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, sai ka ga wannan kore shar, wancan ya kaɗe. Kiliyofatira ma da nasa aibin, yana jinkirin fara haihuwa, amma a ruwan zartsi ni shi zan zaɓa. Abin takaici, masu sayar da dashe da yawa sunan reshe kawai suke faɗa wa mai saye.

Ga bishiyoyin da suka riga suka girma, riƙa yi musu ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci don gishirin ya nutse ƙasa da saiwa, muddin ƙasar tana tsane ruwa. Kada ruwan ya taɓa ganye. Ka guji takin fotash mai kuloraid, ka nemi mai salfet, ka riƙa sa shi kaɗan-kaɗan. Jifsam yana taimakawa inda sodiyam ya ɗaure ƙasa.

Kafin ka sake sayen dashe, kai ruwan a auna maka gishirinsa, sannan ka nemi shawarar cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano.