Darasi: Sayen Taya Domin Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, lokacin kai albasa kasuwar Illela ya yi kusa. Kafin ma'aji ya fitar da kuɗin taya, ku karanta wannan tare.

Da yawa cikin tayoyin gwanjo daga Turai suke zuwa, waɗansu kuwa domin lokacin ƙanƙara aka yi su. Ku duba gefen taya. In kun ga hoton dutse mai kai uku, da alama kamar tauraro a cikinsa, ku bar ta, kome araharta. Robarta mai taushi ce, ta sanyin da bai kai digiri 7 ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan wuce 40. A kan kwaltar Sakkwato za ta cinye da wuri, ko da zanenta ya cika ido.

Sai ku nemi haruffan DOT, ku karanta lambobi huɗu na ƙarshe. 2319 yana nufin mako na 23, shekarar 2019. Tsohuwar taya takan tsattsage ko ba a mora ta ba. A nemi mai alamar C ko LT, gama ita ce ta ɗaukar kaya.

Kada direba ya tafi shi kaɗai. A zaɓi mutum biyu su raka shi, ɗayansu wanda ya iya karatu.