Kalmar "notice" a Ingilishi: tsakanin ankara da ankararwa

Ɗalibin da ya taso da Faransanci, idan ya ci karo da kalmar "notice" a rubutun Ingilishi, hankalinsa yakan tafi ga ƴar takardar bayanin da ke cikin kwalin magani, domin ma'anar da ya sani ke nan. Tushen kalmomin biyu ɗaya ne, wato "notitia" ta Latin, mai nufin sani, amma kama da wane ba ta wane.

A matsayin aikatau, "notice" na nufin lura da abu ba tare da an neme shi ba. Wanda ya ce "I noticed a crack in the wall" bai fita neman tsaga ba, idonsa ne ya faɗa kanta a jikin bango. A nan ta bambanta da "look" da "watch", waɗanda ke buƙatar niyya. Sigar aikatau da ke biyo ta ma tana da tasiri: "I noticed him leave" na nuna an ga fitarsa gaba ɗaya, "I noticed him leaving" kuwa an gan shi yana cikin fita.

A matsayin suna, kalmar tana juya fuska daga mai gani zuwa wanda ake sanarwa. "A notice" sanarwa ce da aka manna a allo, ana kuma ƙirga ta. Amma a "give notice" gargaɗi ne da ake yi kafin lokaci, abin da Faransanci ke kira "préavis". Ma'aikacin da yarjejeniyarsa ta ce "one month's notice" wajibi ne ya sanar wata guda kafin ya ajiye aiki. Wannan ma'anar ce Hausar Najeriya ta ara, inda ake cewa mai gida ya ba ɗan haya notis. "At short notice" na nufin cikin ƙurarren lokaci, "until further notice" har sai an sake sanarwa, "take no notice" kuwa yin biris.

Hausa na da abin da zai haɗa wa ɗalibi fuskokin biyu. Mukan ce ya ankara, mu kuma ce ya ankarar da su: saiwa ɗaya, ɗafin ƙarshe ne ya raba mai samun sani da mai bayar da shi. Ingilishi ya raba su ta ajin kalma, aikatau na karɓa, suna na isarwa.

Daga nan kurakurai biyu ke fitowa. Na farko, cewa "he noticed me" da nufin ya sanar da ni; ma'anarta ya lura da ni, aikatau na sanarwa shi ne "notify". Na biyu, fassara "remarquer" da "remark", alhali wannan ta fi nufin furta ra'ayi. Kafin a fassara "notice", a fara tantance ajinta a cikin jimla.