Salansa da Allurar Mai a Injin Ƙaramin Jirgin Sama

Gabatarwa

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai ƙungiyoyin masu sha'awar harhaɗa ƙananan jiragen sama, waɗanda faɗin fikafikansu sau da yawa bai wuce mita biyu ba, suna tuƙa su daga ƙasa ta hanyar rediyo. Tun daga shekarun 2000 injin lantarki mai aiki da batir ya ci kasuwar wannan wasa ƙwarai, amma duk da haka akwai waɗanda ba su rabu da injin mai shan mai ba, watau wanda za a kira injin garwashi a cikin wannan maƙala. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa salansar wannan injin tana da hannu dumu-dumu a yadda yake shan mai, saboda haka duk wanda ya sauya ta bai sake daidaita allurar mai ba yana iya ƙona injinsa a tashi guda.

Yadda Injin Yake Aiki

Galibin waɗannan injuna masu bugu biyu ne, kamar na ƙananan janareto, sai dai fuloginsu ba ya tartsatsi. A cikinsa akwai wani siririn zare na ƙarfen filatinam da aka naɗe, wanda akan jona wa batir mai ƙarfin folt 1.5 ko ƙasa kaɗan har ya yi ja kamar garwashi. Da zarar injin ya tashi sai a cire batirin, zaren kuwa ya ci gaba da yin ja, domin filatinam yakan ɗau zafi idan tururin metanol ya taɓa shi, ga kuma zafin ƙunar da ta gabata. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden shi ne ya fito da wannan fulogi kasuwa a wajejen 1947, ya kuwa raba ƙananan jirage da ɗawainiyar ɗaukar batir da kwayil zuwa sama.

Man da injin ke sha gauraye ne na abu uku: metanol, wanda shi ne mafi yawa, naitirometan, kimanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ga jiragen wasa na yau da kullum, sa'an nan man shafawa, ko dai man zurma ko na haɗi, wajen kashi 18 zuwa 20. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya kamata mai karatu ya riƙe, domin injin ba shi da wata ma'ajiyar baƙin mai dabam. Abin da ya sha shi ne abincinsa, shi ne man shafawarsa, shi ne kuma ke sanyaya shi. Injin mai girman sisi 6.5 ko 7.5, irin wanda kamfanin O.S. na birnin Osaka ya yi suna da shi, yakan juya farfela fiye da sau 10,000 a minti, ga shi kuwa bai wuce cikin tafin hannu ba.

Ɗaura Sabuwar Salansa

Dalilan da kan sa mutum ya cire salansar da ta zo da injin ya sayi ta wani kamfani ba su da yawa. Wani ƙara ce ta dame shi, ko kuwa ta dami maƙwabtan filin tashi. A Ingila, alal misali, ƙa'idar da aka fitar a 1982 ta ƙayyade ƙarar ƙaramin jirgi a kan desibel 82 idan an auna daga nisan mita 7, kuma ƙorafin ƙara yana cikin abubuwan da kan jawo wa ƙungiya asarar filinta. Wani kuma so yake salansar ta ɓuya cikin murfin hancin jirgin don ya yi kama da na gaske. Na uku ƙarin ƙarfi yake nema, sai ya sayi doguwar salansa wadda aka auna tsawonta yadda za ta mayar da bugun hayaƙi baya ya tura man da ya fara tserewa cikin silinda, dabarar da Walter Kaaden ya inganta a baburan tsere na MZ a Jamus ta Gabas cikin shekarun 1950.

Aikin ɗaurawar kansa ba shi da wuya. A tabbata ramukan sukurori sun dace da na bakin hayaƙin injin, a goge fuskokin biyu tas, a sa gaskit, a ɗaure sukurorin biyu bi da bi don kada gefe ɗaya ya ɗage. Jijjiga takan kwance su, don haka akan sa musu washa mai tsauri, a kuma sake ɗaure su bayan tashin farko tun injin yana da zafi. Salansa mai tsawo ko nauyi tana bukatar madogara a jikin jirgin, in ba haka ba nauyinta zai iya tsaga gangar injin, wadda ta alminiyam ce. Har ila yau nauyin yana iya sa hanci ya rinjayi wutsiya, sai a sake auna jirgin.

To, amma inda gizo ke saƙa shi ne wani ɗan ƙaramin nono da ke jikin salansar. Daga nan ake jan siririn tiyo zuwa tankin mai, yadda matsin hayaƙi zai riƙa tura mai zuwa kafireta, tunda mafi yawan waɗannan injuna ba su da famfo. Ke nan kowace salansa da irin matsin da take bayarwa. Mai ƙuntataccen baki takan ƙara matsi, mai ya yawaita. Mai faɗin baki kuwa, musamman irin mai bututu biyu da akan ɓoye cikin murfi, takan rage shi, mai ya ƙaranta alhali ba a taɓa allura ba. Wannan na biyun shi ne mai haɗari, shi ya sa wasu kan toshe ɗaya daga cikin bututun. Idan sabuwar salansa ta zo ba nono, sai a huda a ɗaura mata, a kuma wanke garin ƙarfen sarai kafin ta kusanci injin.

Daidaita Allura

Kafireta tana da allura biyu a mafi yawan injuna: babba mai kula da mai yayin da totur yake buɗe, da ƙarama mai kula da silo. Bayan sauya salansa, hikima ita ce a ƙara buɗe babbar kamar rabin juyi kafin a tayar, gwamma mai ya yi yawa da ya yi kaɗan. Injin da mai ya yi wa yawa ana gane shi da kunne: muryarsa tana kakkaryewa, hayaƙi fari yana tuɗaɗa. Sai a buɗe totur duka, a riƙa rufe allurar ƙyas-ƙyas, ana dakatawa 'yan daƙiƙoƙi bayan kowane motsi, har muryar ta washe ta kai ƙololuwa.

A nan ne sabon shiga kan yaudari kansa, domin babu lokacin da injin ya fi daɗin ji kamar wannan. Ba a barin sa a nan. Akan sake buɗe allurar har gudun ya sauka da kamar juyi 200 zuwa 300 a minti. Dalili kuwa shi ne, a sama farfela takan sami sauƙi, gudun ya ƙaru, injin ya nemi ƙarin mai. Daɗin daɗawa, yayin da tanki ke raguwa jawo man yana ƙara wuya. Injin da aka bari a ƙololuwa a ƙasa zai ji yunwa a sama, ya yi zafi, ya ƙona zaren fulogi, ko ya karce fistin da silinda, ko ya mutu ɗungum a inda babu wurin sauka. Don a tabbatar, mataimaki kan ɗaga hancin jirgin ya dubi sama, totur a buɗe, na kamar daƙiƙa 10. In gudun ya tsaya ko ya ɗan ƙaru, to, madalla. In ya fara sanyi, a ƙara mai.

Ƙaramar allura ta fi bukatar haƙuri. A bar injin a silo na rabin minti, sa'an nan a buɗe totur farat ɗaya. Idan ya yi tari ya fesar da hayaƙi kafin ya miƙe, mai ya yi yawa; idan ya ɗauke nan take kamar an yanke shi, mai ya yi kaɗan. Kashi ɗaya cikin takwas na juyi ya isa a kowane gyara, kuma bayan an gama akan koma a sake duba babbar, saboda a injuna da dama ɗaya tana shafar ɗaya. Doguwar salansa mai ƙara ƙarfi tana iya bukatar fulogi mai ƙarancin zafi, tunda a wannan injin zafin fulogi na cikin abin da ke tsayar da lokacin kamawar wuta.

Duk wannan aiki daga bayan farfela ake yin sa, jirgin a ɗaure ko a hannun mataimaki, domin allurar tana dab da farfelar da ido ba ya gani idan tana juyawa. Metanol kuma guba ne, harshen wutarsa da ƙyar ake ganin sa da rana, saboda haka akan rufe galan ɗin mai a janye shi nesa kafin a jona batir a fulogi.