Jiƙon Mai Ciki da Hantar Jariri

Ya ku ɗalibai, darasinmu na wannan mako a filin kimiyya ya shafi kowane gida. Sau da yawa ana ba mace mai ciki jiƙo ko tsimi ko garin magani don ta ƙara jini ko ta haihu cikin sauƙi. Ana cewa ai itace ne, ba ya cutarwa. To, me ilimin halittu ya nuna?

Abin da uwa ta sha yana shiga jininta, daga nan wasu sinadarai su ratsa mabiyiya su kai ga ɗan tayi ta cibiya. Jinin da ke tafowa ta cibiya kuwa hanta yake fara nufa. Hantar babba tana tace guba, tana adana suga da kitse. Ta ɗan tayi ba ta ƙosa ba, aikinta mafi girma a tsakiyar watannin ciki shi ne ƙera ƙwayoyin jini. Ko bayan haihuwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta ƙware, abin da ya sa shawara ke yawan kama jarirai a makon farko.

Ga misalai uku daga Turai.

Na ɗaya: a 1988 likitoci a ƙasar Suwizalan sun ba da rahoton wani jariri da ya rasu saboda toshewar ƙananan jijiyoyin jinin hanta. Mahaifiyarsa ta riƙa shan shayin ganye kullum tana da ciki, kuma an samu gubar pirolizidin a cikinsa. Akwai tsirrai masu irin wannan guba a Afirka ta Yamma ma.

Na biyu: likoris wata saiwa ce mai zaƙi da ake alewa da magani da ita. Sinadarinta yana raunana garkuwar da mabiyiya ke yi wa ɗan tayi daga kotisol, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, wanda kuma ke da hannu a daidaita suga. A 2016 hukumomin lafiya na Finlan suka shawarci masu ciki su guje ta.

Na uku ya nuna cewa illa kan jinkirta. Waɗanda suke cikin uwayensu lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, da aka gwada su suna kusan shekara 50, an tarar jikinsu bai iya sarrafa suga kamar na tsaransu ba. Ke nan abin da ya sami ɗan tayi yana iya bin sa har girma.

Matsalar jiƙo ita ce ba shi da ma'auni. Kofin yau zai iya fin na jiya ƙarfi, ganyen da bai bushe sosai ba kuma kan yi fumfuna mai cutar da hanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, kuma ana samunsu a wurin awo. Saboda haka ku isar da saƙon nan ga iyaye da yayye cikin ladabi: duk abin da mai ciki za ta sha, ko da yana da lambar NAFDAC, ta fara nuna wa ma'aikaciyar awo. Rigakafi ya fi magani.

Tambayar mako: wace gaɓa ce jinin cibiya ke fara nufa a jikin ɗan tayi? A jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin Juma'a.