Ciwon Muƙamuƙi: Me Ya Sa Hoto Ɗaya Ba Ya Wadatarwa?

Darasinmu na wannan fitowa a kan gaɓar muƙamuƙi ne, da hotunan da likita kan sa a ɗauka idan ta sami matsala.

Uwargida, ɗora yatsa a gaban kunnenki ki buɗe baki. Abin da kika ji yana motsi, nan ne ƙashin muƙamuƙi ya haɗu da ƙoƙon kai. A tsakaninsu akwai wani ɗan faifan guringuntsi mai aikin gammo, yana hana ƙashi gogar ƙashi. Idan faifan ya goce, ko ƙashin ya zaizaye, ko tsokar wurin ta gaji, sai ki ji zafi wajen tauna, ko ƙara "ƙas" in kin yi hamma, ko ciwon kunne alhali kunnen lafiyarsa lau. Ciwon ya fi kama mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40. Cizon haƙora cikin barci, yawan damuwa, buguwa da amosanin gaɓoɓi duk suna jawo shi.

Da farko likitan haƙori zai tambaye ki, ya taɓa wurin, ya auna buɗewar bakin. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsu uku a jere. Da yawa wannan dubawar ta ishe su, musamman mai jin ƙara ba tare da zafi ba. In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko bakin ya ƙage, sai a koma ga hoto:

1. Eksire mai zagaya fuska: yana nuna haƙora da muƙamuƙi gaba ɗaya, don a gane ko ruɓaɓɓen haƙori ne ko karaya. Amma ba ya ganin faifan nan.

2. Siti-sikan: yana nuna ƙashi daki-daki ta kowace fuska, har ƙaramar zaizaya ko tsagewa. Shi ma a ƙashi ya fi gwaninta.

3. Hoton maganaɗisu, wato MRI: shi ne gwanin faifan guringuntsi da ruwan kumburi. Akan ɗauke shi baki a rufe, a sake ɗauka baki a buɗe, a ga ko faifan yana komawa mazauninsa.

4. Sikanin irin na masu juna biyu: ya fi sauƙin kuɗi, sai dai gefen gaɓar na waje kawai yake iya gani.

Kin ga ke nan kowane allazi da nasa amanu. Eksire zai iya fitowa tas alhali faifan ya goce. Don haka in likita ya ce a ƙara wani hoton, kada ki ce cin kuɗi ne. Tambaye shi: "Me wannan zai nuna wanda na farko bai nuna ba?" Haƙƙinki ne, kuma ki riƙa tafiya da tsofaffin hotunanki.

In kina da juna biyu, ko kina zato, ki faɗa kafin a ɗauki kowane hoto. Kafin shiga na'urar maganaɗisu a cire ɗan kunne, sarƙa da fil ɗin hijabi, a kuma sanar idan akwai ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki.

Sai batun yara. Yaron da ya faɗi a kan haɓa, ko ya yi fama da mugunyar kunne, ki sa ido a kan buɗe bakinsa. Gaɓar tana iya haɗewa a hankali har cin abinci ya gagara, haɓa ta ƙi girma. A nan siti-sikan ke nuna wa likita inda ƙashin ya haɗe kafin tiyata. Kada a tsaya ɗaurin gida.

Kafin ki ga likita, ki sassauta wa kilishi, rake, goro da cingam, ki riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi.

Allah Ya ƙara mana lafiya mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.